Ranar da Na Zuba wa 'Ya'yan Kwaɗi Gishiri

A Jidda ba mu da kogi. Teku muke da shi, wanda baƙi ke tsayawa su saki baki suna kallo, amma kogi babu ko na rantsuwa. Ruwan da muke sha ma daga tekun ake jawo shi, a cire masa gishiri, a turo mana ta famfo. In famfon ya yi fushi sai Abba ya kira wayit, motar tankin nan mai gurnani, ta zo ta toshe mana lungu ta juye ruwa a tankin ƙasa. Saboda haka tun ina ƙarama na raba ruwan duniya gida biyu ba tare da na tambayi kowa ba. Akwai ruwan daɗi, na sha da wanka da shayi, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, in ma ka ga wani abu ya motsa to maza ka zubar. Akwai kuma ruwan gishiri, gidan kifi da ƙaguwa da duk wani mai rai. Da wannan ilimin na kai shekara goma sha huɗu, ina ta cin jarrabawa, ba wanda ya gano ni.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Sitti kamar yadda yaran Jidda ke kiran kakanninsu, ita ba haka ta san duniya ba. A bakin kogi aka haife ta, can wajen Haɗejiya. Tana 'yar shekara tara iyayenta suka taho da ita aikin hajji, suka sauka a tashar jiragen ruwan da Abba ke aikin sito a yau, ba su koma ba. Ta yi aure a unguwar Ammariyya, ta haifi 'ya'ya, ta zo ta tsufa a gidanmu na Bani Malik, hawa na biyu. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta rarrabe komai sai haske da duhu, amma kunnenta yana jin buɗe firij ko da ɗaki uku ne tsakani. Ba ta cika zancen gida ba. Sai dai duk shekara in hadari ya haɗu, sai ta sa a kai ta bakin taga ta zauna ta karkata kai kamar mai jiran sallama.

"Wa kike jira, Sitti?" na tambaye ta wata rana.

"Kwaɗi," in ji ta. "Ruwan saman da ba kwaɗi ai jiƙa ce kawai."

Ta ce shekara sittin da ɗoriya rabonta da jin kukan kwaɗo da kunnenta, kuma ba ta son ta koma ga Allah ba ta ƙara ji ba. Na kunna mata shi a waya. Ta saurara kaɗan, ta ture hannuna, ta ce wannan kwaɗon ba ya warin laka.

Shekarar da nake ba da labari an yi ruwa kwana biyu a jere, irin wanda ke sa a rufe makarantu mu yi ta addu'ar kada ya ɗauke. Titinmu ya cika har na ga takalmin maƙwabcinmu yana tafiya masallaci ba tare da shi ba. Bayan gidanmu akwai wani fili da aka haƙa ramin gini aka fasa tun kafin a yaye ni. Ruwa ya cika ramin, ya zauna abinsa, rana ta dawo, kowa ya manta.

Bayan kamar kwana goma, motar makaranta ta sauke ni a bakin titi, na yanke ta filin don kada Umma ta hango ni ina shan askirim. Sai na ga ruwan ramin yana ɓari. Na tattare abaya na leƙa. Gari guda ne a wurin. Ga mazari ja wur yana tsaye a iska kamar an rataye shi da zare. Ga wasu ƙwari masu dogayen ƙafafu suna tsere a kan ruwa ba su nitse ba. Ga wata farar tsuntsuwa a gefe, tsaye da ƙafa ɗaya, tana yi mini kallon da shugabar makarantarmu ke yi. A bakin ruwan kuma, inda laka ta yi ɗumi, wasu baƙaƙen abubuwa masu ƙaton kai da siririyar jela suna ta wutsil-wutsil. Sun kai miliyan uku. To, na rage: sun fi ƙarfin ƙirgata.

Kifi! Zuciyata ta ce ambaliya ce ta kwaso su daga teku, bayin Allah, ta watsar da su a ramin da ba gishiri. Tausayi ya kama ni har askirim ya narke a hannuna. Na ruga gida na saci bokiti da matatar shinkafa, na ɗebo wajen ɗari da ruwansu da lakarsu, na hau da su rufin gida inda muke shanya. Na juye su a babban bahon da Umma ke wankin bargo. Sannan na sauka kicin na ɗauko gishiri, na zuba tafi biyu, na gauraya da hannu ina ce musu, "Halas, shi ke nan, kun dawo gida." Har na ƙara ɗan kaɗan, don na taɓa haɗiyar ruwan teku na san ba wasa ba ne.

Daga nan na tafi wajen Sitti yin taƙama.

"Sitti, albishirinki. Na ceto kifi miliyan uku."

"Goro. A ina, ja'ira?"

"A ramin bayan gida."

Ta ajiye carbi. "Yaya suke?"

"Baƙaƙe, kai kamar naki, jela kamar ta ɓera."

Ban taɓa ganin Sitti ta miƙe ba tare da ta ce wayyo gwiwata ba sai ranar. Ta kama kafaɗata muka hau matakala, tana ja na maimakon in ja ta. Da muka isa ta durƙusa ta tsoma hannu a bahon, ta ɗago tafinta da guda biyu a ciki, ta shafa su da babban yatsa a hankali. Fuskarta ta sake kamar ta yarinya.

"Talibambam," ta ce. "'Ya'yan kwaɗi ne, 'yar Jidda. Ashe suna nan. Ashe sun zo har bayan gidana sun yi bikinsu sun zuba ƙwai, ni ina kwance mukayyif yana yi mini ƙara a ka."

Mukayyif shi ne na'urar sanyaya ɗaki, kuma a unguwarmu kowace taga tana da nata, dare da rana suna gunji. Ko giwa ce ta yi kuka a filin nan ba mai ji.

Sitti ta sake tsoma hannu a bahon. Ta ce me ya sa waɗannan ba sa motsi sosai. Na duba, na ga wasu sun fara juya farin cikinsu sama. Sitti ta kai yatsa baki ta ɗanɗana ruwan.

"Innalillahi. Wa ya sa gishiri?"

"Ni. Don su ji daɗi."

"Miya za ki yi da su?"

"Ai duk abin da ke cikin ruwa gishiri yake so."

"Wane malamin ya gaya miki?"

"Ba kowa. Ni na gano."

"Kin gano uwaki. Ruwa, maza! Ba na famfo ba, na famfo yana da magani, zai ƙarasa su. Ɗauko na mukayyif!"

A gidajenmu ana ajiye bokiti a ƙarƙashin kowane mukayyif don ruwan da yake ɗiga, Umma na goge tsakar gida da shi tana ba na'ana'arta. Na yi tsere ɗaki ɗaki ina kwasar bokitai. Umma ta biyo ni da ludayi a hannu tana cewa, "Esh hada? Me ke faruwa a gidan nan?" Ta iso rufi ta tarar da surukarta durƙushe tana tsamo 'ya'yan kwaɗi da matatar shinkafarta daga bahon bargonta. Ta buɗe baki, ta dubi Sitti, ta rufe. Ni ta juyo wa.

"Ke, bari Abbanki ya dawo."

"Ki bar ta," in ji Sitti, ba ta ɗago ba. "Jahilci ne, kuma ku kuka haife ta inda ba kogi."

Goma sha ɗaya suka rayu. Sauran na binne su a tukunyar na'ana'a ina kuka da majina, Umma ba ta sani ba har yau, kuma na'ana'ar ta yi kyau ƙwarai a shekarar. Na ce wa Sitti kada ta damu, gobe zan ɗebo wasu, ai suna nan kamar ƙasa. Washegari da na dawo makaranta na tarar da motar tanki a bakin ramin da ƙaton tiyo tana zuƙe ruwan, wasu ma'aikata kuma suna feshin maganin sauro. Ban ga laifinsu ba, zazzaɓin sauro ya kwantar da mutum biyu a layinmu. Na tsaya dai ina kallo har ramin ya koma rami. Farar tsuntsuwar ta tashi ta nufi gabas.

Na hau rufi na gaya wa Sitti. Sai na dafa bahon na rantse mata cewa waɗannan goma sha ɗayan zan raine su har su girma su yi mata kuka a kunne, ko da zan bar makaranta. Ta ce barin makarantar ne dai ya fi damuna.

Daga ranar muka buɗe asibiti a rufin gida, ita likita, ni mai jinya. Ta sa na kwaso busasshiyar laka daga gindin ramin, ta gefen da feshi bai kai ba, muka shimfiɗa a ƙasan baho. Muka yi masa rumfa da tsohon zane saboda rana. Ruwan mukayyif sai ya kwana a bokiti ya huce sanyinsa kafin a ƙara. Abinci kuwa, ta ce a gida gansakuka suke ci, koren nan da ke kwanciya a kan ruwa, amma tunda ba mu da shi sai a dafa ganyen latas ya yi laushi a sa musu ɗan kaɗan. Na rufe bahon da ragar taga saboda kyanwowin unguwa, waɗanda suka kafa kwamiti a kan katanga suna zama safe da yamma a kan maganarmu.

Kullum bayan la'asar sai in hau da ita. Ta zauna a kan tabarma, hannu ɗaya a cikin ruwan, 'ya'yan kwaɗin suna zuwa suna tsotsar yatsunta. A nan ne bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin kainuwa da ke tafiya a kan ruwa ba saiwa a ƙasa, yau tana ƙofar gidanku gobe ta yi ƙaura. Da bado mai farin fure wanda suke nutso su ciro 'ya'yansa su ci. Da tarwaɗa mai gashin baki, da karfasa, da minjirya wadda in ka taɓa ta sai ta girgiza ka har haƙori. Ta ce akwai gaiwa, kifin da in ruwa ya janye sai ya shige laka ya naɗe ya yi barci har wata damina, manomi ya sa fartanya ya haƙo kifi a busasshiyar gona.

"Sitti, yanzu kuma ke ce ke ƙarawa."

"Ni ba irinki ba ce. Waɗannan na bahon ina kike tsammani iyayensu suke duk shekarun nan? Suna ƙarƙashin ƙasa, ƙarƙashin takalminki, suna jiran ruwa."

Wannan maganar ta hana ni tafiya daidai har kwana uku. Ina taka ƙasa ina ba ta haƙuri.

In tana magana nakan lumshe ido. Sai in ga kogin nata ya taso daga gabas, ya gangaro ta babban titi ba ya tsayawa a danja, ya shigo Bani Malik a hankali ba irin na ambaliya ba. Kainuwa tana wucewa ta gaban mai shawarma. Zalɓe yana tsaye a kan motar tasi yana jiran fasinja. Kirinjijiya garke guda suna sauka a rufin masallaci suna fito. Dorina ta leƙo daga ƙofar kantin waya, kunnuwanta kawai ake gani. Sitti kuma tana 'yar shekara tara, a cikin kwalekwale, idonta garau, tana ɗaga mini hannu in shigo. Sai ladan ya kira magariba, kogin ya tattara kayansa ya koma cikin baho.

Ba duka suka kai ba. Biyu sun mutu ranar da na makara ban ja rumfa ba. Ɗaya 'yan'uwansa ne suka cinye shi, abin da ya sa na yi fushi da su kwana guda ban gaishe su ba. Ɗaya kuma ya ɓace, kuma wata kyanwa mai ido ɗaya ta daina haɗa ido da ni. Saura bakwai. Kullum da safe kafin in sa takalmi sai na hau na ƙirga, in sauko in tsaya a ƙofar ɗakin Sitti in ce "Bakwai," ita kuma ta ce "Alhamdulillahi," kamar rahoton yaƙi.

Cikin sati na uku ƙafafun baya suka fito, sirara kamar zaren ɗinki. Na yi ihun da ya sa maƙwabciyarmu ta aiko tambaya ko haihuwa aka yi. Bayan 'yan kwanaki na gaba suka fito, jela ta fara guntulewa. Sitti ta sa na jingina bulo a cikin bahon, ta ce yanzu in ba su sami wurin hawa ba ruwan da ya raine su shi zai cinye su. Wata safiya na tarar da su bakwai ɗin a kan bulo, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, zaune da hannuwa a gaba kamar dattawan da aka kira sulhu.

Na kawo Sitti, na zaunar da ita, na ce musu, "Yalla, bismilla. Ku yi."

Shiru.

Na yi musu kukan da kaina don su ji samfuri. Na kunna musu na waya. Na yayyafa musu ruwa da tsintsiya wai ko su ɗauka damina ce. Suka dube ni da idanun nan nasu na zinariya, ko uffan.

Sitti ta yi dariya har da tari. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, jariri yana kiran salla? Sai sun shekara, ko biyu. Kuma mazan ne ke yi, in sun ga ruwa suna neman aure."

"Kin sani tun farko?"

"Na sani."

"To me ya sa kika bar ni ina ta dafa latas?"

"Ni na sa ki rantsuwa? Ke kika rantse."

Na ce to za mu jira shekarar. Ta girgiza kai. Ta ce rufin siminti ba wurin kwaɗo ba ne, yanzu ƙwari masu rai suke so, da ƙasar da za su shige in zafi ya zo, in muka riƙe su sati ɗaya za mu wayi gari mu tarar da busassun wake bakwai. Ta faɗi haka tana shafa bayan ɗaya da ɗan yatsa. Na dubi hannun, jijiyoyi duk sun fito, na yi lissafin shekara biyu a raina, lissafin bai yi mini daɗi ba. Na sauka ƙasa.

Abba na samu. Ya dawo daga tasha a gajiye yana cire takalmi, na tsaya a kansa na ce ina a ƙasar nan ruwan daɗi yake gudu da kansa. Ya ce in bar shi ya sha shayi. Na tsaya har ya sha. Ya ce akwai wani kwari a gabas, wajen duwatsu, inda abokan aikinsa ke zuwa shan iska, tafiyar awa ɗaya da wani abu. Ya ce amma shi ba direban kwaɗi ba ne. Sitti ta ɗaga murya daga ɗakinta ta ce ita ma ba ta so ɗaukarsa wata tara ba amma ta ɗauka.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi, ni da Sitti a baya, kwaɗin a cikin robar zuma mai huji a murfi, da jiƙaƙƙen tsumma. Umma ta ce ita ta yafe, a dai dawo mata da robarta. Gari ya ƙare, gidaje suka ƙare, duwatsu suka fara, baƙaƙe kamar an ƙona su. Muka sauka daga kwalta muka bi turba har motar ta ce ta gaji.

Ruwan bai kai faɗin tabarma biyu ba, zurfinsa iya idon sawu. Amma yana tafiya. Ba famfo, ba tiyo, ba wanda ya kira shi, yana ta bin tsakanin duwatsu yana magana ƙasa-ƙasa. Ga dogayen ciyayi a gefe, ga mazari shuɗi da ja. Na durƙusa na ga ƙananan kifaye, na gaske masu ƙaya da sheƙi, suna tsaye suna fuskantar inda ruwan ke fitowa. Na ɗebi ruwan na ɗanɗana a ɓoye. Ba gishiri ko ƙwaya. Ban gaya wa kowa ba, amma Sitti ta ce, "Na ji ki."

Muka zaunar da ita a kan dutse, ta cire takalmi ta sa ƙafafu a ruwan. Na buɗe robar na juye mata su a tafi. Ta sauke hannun har ƙasa ta buɗe. Shida suka yi tsalle suka shige ciyawa ko sallama babu. Na bakwai ya zauna a kan yatsanta ya daɗe, sannan shi ma ya tafi.

Rana ta faɗa bayan duwatsu. Muka yi alwala da ruwan, Abba ya ja mu magariba a kan yashi. Da muka sallame ya naɗe darduma ya tafi ya tayar da mota, ya ce yalla, hanya ba fitila. Na kama hannun Sitti zan ɗaga ta, sai ta matse nawa.

Daga can ƙasa, wajen da ruwan ya taru a gindin wani dutse, wani abu ya yi ƙara. Ba daɗi. Kamar ana jan tsohuwar ƙofar ƙarfe. Ya tsaya, ya sake.

"Sitti," na ce da raɗa, "shi ne?"

Ta karkata kai, bakinta a ɗan buɗe. Ya sake yi, wani ya amsa masa daga nesa.

"Ba irin namu ba ne," ta ce. "Wannan Larabci yake yi."

"To mu tafi?"

"Ke tafi."

Abba ya danna hon. Sitti ta juya wajen motar, ta ce da muryar da ban taɓa jin ta yi wa babban mutum ba, "Kai, kashe motar nan."

Ya kashe. Ya fito ya jingina da ƙofa. Kwaɗo na uku ya shiga kukan, sai na huɗu, can sama da mu. Na zauna a kan yashi kusa da ita, ƙafafunta har yanzu suna cikin ruwa, sauro suna cin mu, ba wanda ya kore su.